Zuwa ga Mutumina a Jidda: Labarin Babur

Assalamu alaikum mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zafin Jidda, ya kasuwa? Mu nan alhamdulillahi, an yi kaka lafiya, sanyi ya fara leƙowa da asuba. Hajiya tana gaishe ka, ta ce in gaya maka dabinon da ka aiko ya iso, kuma jikoki sun fi ta cin moriyarsa.

Na saurari saƙonka na murya har sau biyu. Dariyar da ka yi mini ta fi tambayar tsawo, amma tambayar, wato wane irin babur ya kamata ka saya in ka dawo hutu, ita ce ta sa na zauna na ɗauki biro, don ba abin da zan amsa a tsaitsaye ba ne. E, ƙaninka bai yi maka ƙarya ba, na sayi babur. Boxer ne, baƙi, na hannu, na wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki. Shekara guda cur ina zubin adashi a ofis, da ɗaukata ta zo na haɗa da ɗan abin da na samu a gyaɗar bara.

Kuma ba gayu ne ya kai ni ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta taɓa wuce dubu, kuɗin adaidaita sahu ya bi ta a baya. Na lissafa abin da nake kashewa daga Rijiyar Zaki zuwa wurin aiki a wata, na ga ashe direbobi nake yi wa aiki. Hajiya ta ce, "Da girmanka da furfurarka?" Maman yara ta yi shiru, irin shirun nan da ka sani. Yanzu ita ce ke aikena 'Yankaba sayen kayan miya da sassafe, wai ai ba nisa.

Ranar da na fara hawa kai na tuna. Jincheng ɗin yayanka, wanda muke sacewa in ya shiga barcin rana, mu tura shi har bakin lungu kafin mu tayar don kada ya ji ƙara. Tabon salansa yana nan a ƙwaurina tun ranar da ka shigar da mu yashi a bayan Goron Dutse ka ce wai birki ne bai kama ba. Ka tuna Janairun 2009, da aka matsa sai kowa ya sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka suna ɗaure ta da igiya? Mun yi dariya har da hawaye, alhali mu ko ƙwaryar ba mu da ita. Sai kuma Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a birni, acaɓa ta mutu, adaidaita ta ci gadonta. Kai ka tafi ba da daɗewa ba, ni kuwa na ɗauka ni da babur mun yi hannun riga ke nan.

Abin da ban zata ba shi ne zan yi sababbin abokai a wannan shekarun. Akwai wani bakanike da nake kai wa juyen baƙin mai, a gindin wata dalbejiya. In ka je ranar Asabar sai ka tarar da mutane a benci, kowa na jiran nasa, ana ta musu a kan wane inji ya fi juriya. Masu Haojue da Lifan su ce Boxer na ɗaukar buhun masara ne, mu kuma mu ce nasu na zuwa zance ne. A nan muka saba. Mu tara ne yanzu. Ba ƙungiya ba ce, ba mu da suna, ba shugaba, ba riga iri ɗaya. Akwai tela, akwai ma'aikacin jinya, akwai mai gyaran waya, akwai wani yaro ɗan masu hali da ƙaton babur irin na tsere, wanda in ya ba shi wuta sai kajin unguwa su watse. Sai dattijonmu, tsohon ma'aikacin reluwe, da muke kira Baba mai Bespa.

Bespar nan sai ka gan ta. Ƙirar Italiya ce ta ainihi, giya a hannun hagu, tayar ko-ta-kwana a gefe, ba ta shan fetur sai an haɗa mata da baƙin mai. Yana da 'yar kwalbar awo da yake ɗaure da tsumma a aljihun gaba, duk gidan man da muka tsaya sai ya fito da ita ya auna kamar mai haɗa magani. Ya ce ya saye ta kafin a haifi rabinmu, kuma ban ga alamar ƙarya ba.

Daren Juma'a bayan isha'i muke haɗuwa wurin wani mai shayi. Kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa a hannun ma'aikacin jinyar, saboda ranar tsautsayi. Sau ɗaya aka taɓa kuɗin, lokacin da akuya ta gilma wa tela ya karye a hannu, ya yi wata biyu bai taka keke ba.

Yanzu ga labarin da ya sa na rubuto. Makonni uku da suka wuce muka je Daura. Bayan sallar asuba muka ɗauki hanya ta Kurna, kowa ya cika tanki, an duba iska, an ɗaure cen. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da ƙamshi ba sai ranar. Sau nawa muka bi ta a mota, gilashi a rufe, ana ta gyangyaɗi? A kan babur kuwa sai ka ji ƙamshin karan gero da aka yanke, da hayaƙin masu ƙosai a Ɗambatta, ka ji sanyin fadama ya daki ƙirjinka na ɗan lokaci ya sake ka. Manoma sun shanya amfanin gona a gefen kwalta, ga amalanke, ga jakuna, dole ka buɗe ido. Mun karya a Kazaure, ƙasar Jigawa ke nan, kafin hantsi ya yi zafi muna ƙasar Katsina. Jiha uku a safiya ɗaya, da man da bai kai kuɗin mota zuwa kawai ba.

Tsakanin Kazaure da Daura mai gyaran waya ya ce mu ratse mu gaida kakarsa a wani ƙauye, ba nisa da titi. Muka sauka daga kwalta muka bi burji, mu tara a jere, yaron nan mai babban babur a gaba, kowa da hular kwano, wasu sun naɗe fuska saboda ƙura. Mutumina, muna doso rijiyar bakin gari sai muka ga mata sun yar da guga sun kwasa a guje, wata ta suri ɗanta ta bar tulu a ƙasa. Yara suka shige gonar dawa. Aka fara rufe ƙofofi.

Sai da na yi daƙiƙa kusan goma kafin na gane abin da suka gani. Ba mu suka gani ba. Kana jin labarin abin da ake yi a Zamfara da yammacin Katsina da Sakkwato: 'yan bindiga a kan babura suke shiga gari, a jere, fuska a rufe, kuma irin babur ɗina suna cikin waɗanda suka fi so, don yana cin daji yana ɗaukar mutum uku. Har ta kai a 2021 wasu jihohin sun taƙaita hawan babur a wuraren da abin ya yi tsanani. Ƙauyen nan ba a taɓa shigar musu ba, amma labari ya riga mu isa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, to su maƙwabci ma aka sara, sun ji kukansa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Mu mun fito shan iska, mun sa tsohuwa gudu.

Baba ne ya fitar da mu. Ya ɗaga hannu muka kashe injuna, ya ce kowa ya cire hula ya kwance rawani ya tsaya inda yake. Shi kaɗai ya ƙarasa da Besparsa, fat-fat-fat, hayaƙi na bin sa, ya tsaya a gindin rijiya, ya ɗauki gugar da aka yar ya jawo ruwa ya wanke fuska, ya yi sallama da ƙarfi. Can sai wani tsoho ya leƙo, ya dubi Bespar, ya fashe da dariya ya ce, ai ɓarawo ba ya zuwa a kan wannan. Muka tura baburanmu da hannu har ƙofar gidan mai gari, muka gaishe shi, muka ba da haƙuri. An ba mu fura mai kyau, amma matar da ta bar tulunta ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Tun daga ranar Bespa ce a gaba duk inda za mu. Yaron ya yi ta ƙunƙuni, wai tafiyar kunkuru muke yi. Baba ya ce masa sannu ba ta hana zuwa, shi kuma ya ƙarasa masa, sai dai a daɗe ba a je ba. Kuma ba ma shiga ƙauye a jere sai an aika mutum ɗaya tukuna, fuska a buɗe.

Daura kam mun je, mun sha ruwan Kusugu, mun ji tarihin Bayajida da macijin daga bakin mai kula da rijiyar, kamar yadda muka ji shi a aji huɗu, mun yi azahar muka juyo. Wasu na son wata rana mu zarce ta Kongolam mu shiga Nijar har Damagaram. Na ce a bari sai takardun kowa sun cika, don ko a wannan tafiyar an tsayar da mu a shinge ya fi sau biyar, ayarin babura ba ya wucewa ba tambaya.

A hanyar dawowa ne babban babur ɗin ya mutu, gab da la'asar. Bakaniken ƙauye ya zagaya shi sau biyu, ya nemi kafireta bai gani ba, ya ce wannan na'ura ce ke ba shi mai, ba aikinsa ba ne. Ni kuwa fulogina ya yi baƙi a wuri ɗaya, cikin minti biyar aka canza mini, don irinsa har a teburin mai faci akwai. Muka jira sai da aka samu a-kori-kura aka ɗora nasa, ma'aikacin jinya ya goya shi. Ba wanda ya tafi ya bar wani. Mun shigo Kano bayan magariba, abin da na rantse wa Hajiya ba zai faru ba. Kayan gyaran kuma har yau ana jiran su daga Legas.

To ka ji amsar tambayarka. Ka ce in ka dawo hutu kana son ka sayi irin manyan baburan nan da kake gani a bakin teku da daddare. Can titi sumul ne, mai kuma ba ya yi muku ciwo kamar mu. Nan ramuka ne da yashi da akuyoyi. Kuɗinka ne, amma in shawarata kake so, nemi wanda kowane bakanike a gindin bishiya zai iya buɗewa, wanda kuma ba zai sa a dube ka sau biyu ba. In ka amince zan fara cigiya tun yanzu, kafin Sallah farashi ya tashi. Na riga na gaya wa mutanen akwai na goma yana zuwa, kuma na ba su labarin yashin Goron Dutse, saboda haka ka shirya wa tsiya.

Abu ɗaya nake roƙo. Hulunan kwanon da na samu a nan roba ce kawai, na matsa ɗaya da hannu na ji tana lanƙwasa. Ka taho mini da mai kyau guda biyu, mai rufe haɓa, wadda gilashinta ke ɗagawa sama a ga fuska. Ɗaya tawa, ka san girman kaina, ɗaya ta Baba. Tasa irin ta ma'aikatan gini ce, da igiyar takalmi yake ɗaure ta. Kada ka ce masa ni na roƙa, ka ce tsaraba ce.

Ka gaida maman yara da yaran duka. In ka shiga Harami ka sa mu a addu'a.

Naka har kullum,
Abokinka na Rijiyar Zaki, Kano.