Wan mijina ya riƙe takardu, ni an bar ni da jinya

Assalamu alaikum Anti. Ki yi haƙuri da rubutun nan, tun daren jiya ban runtsa ba. Don Allah kada ki faɗi sunana, dangin maigidana ba sa wuce shirin nan.

Jiya da la'asar wan mijina ya tsaya a tsakar gida, gaban 'ya'yana da maƙwabta, ya ce wai ba jinyar ƙaninsa nake yi ba, gadin kuɗinsa nake yi. Ni, Anti! Ni da nake kai shi banɗaki, in yi masa wanka, in tashi tsakar dare in ya firgita yana kiran abokansa da suka rasu. Wane kuɗi? Katin bankin ma yana aljihun Yaya.

Maigidana saje ne a rundunar sojan ƙasa. A 2018, lokacin da ake kiran aikin sojoji na yaƙi da Boko Haram Lafiya Dole, tun kafin a mayar da sunan Haɗin Kai, motarsu ta taka nakiya a hanyar Maiduguri zuwa Damboa. An fara duba shi a barikin Maimalari, daga nan aka wuce da shi asibitin sojoji na 44 a Kaduna. Can aka yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, idon hagu kuma ya tafi. Ina da cikin autarmu a lokacin, amma ni na kwana a gefen gadonsa. Yaya kan leƙo ne da 'yar ledar lemo, ya yi hoto ya tafi.

Da aka zo sallamarsa daga aiki, kwamitin likitocin soja ya zauna ya auna nakasar, kuma a kan wannan rahoto aka tsara abin da yake samu. Kin san sojoji ba sa cikin tsarin fanshon nan na adashe da sauran ma'aikata ke ciki, tasu hukumar daban ce a Abuja. To a lokacin idon dama yana gani, yana takawa da ƙafar roba. Yanzu idon ya dushe, kunnen sai an ɗaga murya, dungulmin ƙafar kuma ya yi gyambon da ya hana shi sa robar. Ba a barinsa shi kaɗai ko na awa guda. Ɗinkin da nake yi na ajiye, keken ma na sayar saboda magani.

Wata matar soja da muka yi zaman asibiti tare ce ta ce mini tunda jikin ya ƙara lalacewa, mu rubuta a sake zaman likitoci a kansa, ko a ƙara masa kuɗin nakasa. Ta ce in haɗa takardar sallama, rahoton farko da sabon rahoton likitan ido, in fara zuwa ofishin 'yan mazan jiya na jiharmu su nuna mini hanya. Shi ne na je gun Yaya neman takardun da ke hannunsa cikin ladabi, har ƙasa na durƙusa.

Af, ban gaya miki ba, tun yana saurayi ya rubuta Yaya a matsayin magajinsa a takardun aiki, bai canza ba har muka yi aure. Da wannan Yaya ke taƙama. Mutumin ai yana raye, gadon me ake ci? Giratutin ma da aka biya, Yaya ya ce ya sa a fili, har yau ko takardar filin ban gani ba.

Sai ga shi ya kawo wani mutum mai jaka, wai ya san manya a Abuja, a ba shi kuɗin mota yanzu, in abu ya fito kuma a raba. Na ce ban yarda ba. Ranar da Yaya ya bar fayil ɗin a ɗakin Inna na ɗauki hoton takardun da wayata. Ban saci komai ba, takardun mijina ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ne fa laifin da ya jawo zagin jiya. Inna ta goyi bayan ɗanta, ta ce in na gaji ga hanya nan.

Abin da ya fi ci mini rai, maigidana yana zaune a kan tabarma yana jin komai, bai ce uffan ba. Da dare na tambaye shi, ya ce in bar maganar, shi ba zai yi shari'a da wansa a kan kuɗi ba.

Anti, hotunan nan za su isa in fara neman, ko dole sai takardun ainihi? Za su ma saurari mace ita kaɗai, ba sa hannunsa? In na je ba da yardarsa ba na saɓa wa Allah? Babana ya ce in tattaro yaran in dawo gida a huce. In na tafi, wa zai wanke masa gyambon nan? Shirun da ya yi jiya, kina ganin shi ma ya yarda da abin da Yaya ya faɗa a kaina ne?

Taki,
Wata baiwar Allah daga Zariya