Ga Malamar da ta tambaye ni ko PRINCE2 da MSP za su sha inuwa ɗaya

Malama, assalamu alaikum.

A taron da aka yi kan tafiyar da sauyi a ma'aikatu, kin miƙe gaban jama'a kin ce ma'aikatarku ta saba da PRINCE2, tsarin tafiyar da aiki guda ɗaya, yanzu kuma shugabanni sun ce a ƙara MSP, tsarin tafiyar da shiri, wato tarin ayyuka masu manufa ɗaya, a tattara duk ayyukan sauyi cikin kundi guda. Kika tambaye ni: wannan ba ninka takardu ba ne kawai, me zai hana a zaɓi ɗaya? Lokaci ya ƙure ban ba ki amsar da ta gamsar da ni ba, shi ya sa na rubuto.

Shawarata, ku haɗa su. Dama gidansu ɗaya. Gwamnatin Birtaniya ce ta fito da PRINCE2 a 1996, ta biyo da MSP a 1999, sai MoP na kula da kundin ayyuka, wato jerin duk ayyuka da shirye-shiryen da ake zuba wa kuɗi, a 2011. PRINCE2 yana duba ko an kammala aikin da aka ɗauka a kan lokaci kuma cikin kuɗin da aka ware. MSP kuwa damuwarsa ita ce ko abin da aka kammala ɗin ya canza yadda mutane ke aiki har an ci moriyarsa.

A wannan mahaɗar ce ake yin asara, kuma na gani da idona. Na taɓa aiki a wata ma'aikata da muka kafa sabon tsarin adana bayanai a kwamfuta. Mun gama kan lokaci, aka sa hannu, aka rufe aikin, kowa ya koma sashensa. Da na leƙa bayan wasu watanni, sai na tarar ma'aikata sun koma rijistarsu ta takarda, suna shigar da bayanan a kwamfuta ranar da aka ce mai bincike zai zo. A takarda mun yi nasara. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin babu wanda ya yi ha'inci. Kawai babu mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin abin da zai faru bayan mun tafi. MSP ya tanadi wannan mutumin, wato manajan sauyi, wanda ake ɗaukowa daga cikin sashen da sauyin zai shafa, yana nan kafin aikin, yana nan bayansa. Sama da shi akwai babban jami'i guda da ke amsa tambaya kan shirin gaba ɗaya. Ko da kujerun nan biyu kaɗai kuka ɗauka daga MSP, kun ci riba.

Kada ki ɗauka ƙananan ma'aikatu kaɗai abin ke samu. Shirin mayar da bayanan marasa lafiya na hukumar kiwon lafiya ta NHS a Ingila zuwa kwamfuta ya fara a 2002, gwamnati ta sanar da wargaza shi a 2011, kuma an ƙiyasta kuɗinsa da kusan fam biliyan 10. Cikin manyan dalilan da aka bayar har da cewa daga sama aka ƙaƙaba shi, ba a tafi da likitoci da asibitocin da za su yi amfani da shi ba.

Amma tsoronki na takardu gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Idan kowane mataki ya kafa nasa kwamitin, ya buɗe nasa rijistar haɗurra, ya nemi nasa rahoton, an gudu gara an faɗa gidan zago. Maganin yana cikin PRINCE2 ɗin da kuka saba da shi: a yanka wa manajan aiki iyakar kuɗi da lokacin da zai iya motsawa a ciki, kada magana ta hau sama sai ya hango zai ƙetare ta. Rahoto ɗaya ya isa, shiri ya tsamo abin da yake bukata daga ciki. Ƙaramin aikin da ke cikin babban shiri ba ya bukatar doguwar hujjar kashe kuɗi tasa ta daban, ya jingina da ta shirin. Masu rubuta manhaja kuma in sun fi son Agile, salon gina abu kaɗan-kaɗan ana gyarawa, a bar su. Tun 2015 akwai PRINCE2 Agile saboda haka.

Shi kundi aikinsa ɗaya ne mai ɗaci, dakatar da aikin da ya daina cancantar kuɗi da ma'aikata, ko da na wani babba ne.

Kafin ku sayi horo ko ku kafa sabon ofis, ki ɗauki ayyuka uku da kuka rufe bara, ki tambayi shugabanninku wa ke auna amfaninsu yau, da sunansa. Ina so in ji abin da suka ce miki.

Wassalam, tare da girmamawa.