Wasiƙa daga Agege kan ciwon da ya daɗe

Agege, Legas

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan iyali suna lafiya, ina yi maka sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ciwon ƙugun nan ya shiga shekara ta biyu, har ka kai ga shan diclofenac safe da yamma ba tare da ganin likita ba. Ina roƙonka ka sassauta, domin irin wannan magani idan aka daɗe ana sha yana jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda.

Likitoci suna lissafa ciwon da ya wuce wata 3 a matsayin ciwo mai naci, kuma sau da yawa ba ya jin ƙwaya kaɗai. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon baya irin naka, inda ta ƙarfafa ilimantar da majiyyaci, da motsa jiki, da gyara yadda mutum yake tunani a kan ciwonsa, ta kuma hana a riƙa ba da magunguna dangin tramadol saboda shi. Wannan ne ya sa nake so in ba ka labarin zaman rukuni da nake halarta a wani sashen gashin ƙashi a nan, saboda amosanin gwiwa da ka san ina fama da shi.

Tsarin ba sabo ba ne. A Jami'ar Stanford ta Amurka Kate Lorig da abokan aikinta suka tsara shi domin masu cututtuka masu daɗewa, daga baya Sandra LeFort a Kanada ta keɓe nau'insa ga masu ciwon jiki. Yawanci mako 6 ne, ana zama sau ɗaya a mako na awa biyu da rabi, kuma sau da yawa masu jagorantarsa su ma masu ciwon ne da aka horar.

Babban abin da ake koya mana shi ne auna aiki. Kusan dukkanmu hali ɗaya gare mu: ranar da jiki ya yi sauƙi sai mutum ya ce bari ya rama bashi, ya yi aikin kwana uku a yini guda, sannan ya kwanta ya kasa tashi. Akwai wani tela a cikinmu, ɗan unguwar Idi-Araba, wanda a da yake zama a kan keke daga hantsi har la'asar. Yanzu ya saita ƙararrawar wayarsa, duk minti ashirin sai ya miƙe, ya dafa tebur, ya miƙa bayansa, ya taka zuwa bakin shago ya dawo, tun kafin ciwon ya motsa. Ya ce ɗinkin da yake gamawa a mako ya ƙaru, bai ragu ba. Wani ɗan dako na kasuwar Mile 12 kuma ya koyi durƙusawa da gwiwoyi, ya jawo buhun albasa kusa da jikinsa kafin ya ɗaga.

A ƙarshen kowane zama kowa yakan faɗi abu ɗaya takamaimai da zai yi a makon, kamar tafiyar minti goma bayan asuba, sannan a tambaye shi yawan tabbacinsa daga 0 zuwa 10. Idan bai kai 7 ba, sai a rage masa ƙudurin har ya zama abin da zai iya. Mako mai zuwa ya dawo ya ba da labari, wanda ya gaza kuma ba a kunyata shi, a'a, tare ake neman abin da ya tare shi. A ganina nan ne ƙarfin rukuni yake, domin shawarar wanda ya kwana da irin zafinka ta fi shiga kunne. Ana kuma koyar da numfashi a hankali, da gyaran barci, da yadda za a yi wa iyali bayani don kada su ɗauka lalaci ne.

Ba zan ce maka zaman yana kawar da ciwon ba, nawa yana nan, amma tsoronsa ya ragu ƙwarai, har ina iya jure zaman motar haya ta danfo cikin cunkoso. Kai dai ka fara da ganin likita, musamman idan ka ji ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana kuɓuce maka, ko kana rama ba dalili, domin waɗannan ba a jira da su. Bayan haka ka tambayi masu gashin ƙashi na babban asibitinku ko suna haɗa irin wannan zama, idan babu kuma ka nemi su fara ko da mutum kaɗan ne. Zan aiko maka da takardun motsa jikin da aka raba mana ta WhatsApp, ka nuna musu kafin ka gwada.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara baki ɗaya.

Naka amini.