Godiya ga mai shagon gyaran waya na bakin Kasuwar Dole

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram.

Na rubuto ne dan in gode ma wani bawan Allah mai shagon gyaran waya da kayan lantarki a bakin Kasuwar Dole, shi da yaran da ke aiki ƙarƙashinshi. Ban nemi izininshi ba shi ya sa ba zan kama suna ba, amma Malam in wannan rubutu ya iso gare ku to da ku nake, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Na daɗe ina shan taba, har tari ya fara hana ni barci, sai na koma sigarin lantarki, wanda wasu ke ce ma shishar aljihu, da niyyar in rabu da abin gaba ɗaya sannu a hankali. Nawa irin mai tankin gilashi ne da ake cikawa ta ƙasa, ka juya shi kai ƙasa, ka kwance gindin, ka zuba ruwan ta gefe. Rezistans ɗin, wato ɗan ƙarfen nan mai waya da auduga a ciki da ke ƙona ruwan, a jikin gindin yake ɗaure kuma tare ya kamata su fito. To ni nawa duk sanda na zo cikawa sai ya kwance daga gindin ya maƙale can a bututun tsakiya, in na mayar na ɗaure ba ya zama daidai, ruwa ya riƙa tsiyaya ta ramukan iska, aljihun riga ya jiƙe, in na ja ya yi ta ƙuruƙuru ruwa na shigo min baki, wani lokaci ma injin, wato ɓangaren batir da ake ɗora tankin a kai, ya rubuta wai bai ga tanki ba. Wanda bai taɓa yaƙi da taba ba zai ga abin ƙarami ne, amma wallahi ranar da abin nan ya ƙi aiki, wucewa ta gaban mai tebur da ke saida sigari kara-kara ba ƙaramin jarabawa ba ce.

Wuri biyu da na nuna an ce min tankin ya mutu sai dai sabo. Shi Malam da na miƙa mishi bai yi maganar saye ba sam, zama ya ce in yi, ya shimfiɗa tsumma mai tsabta kan tebur ya warware tankin ɗaya bayan ɗaya a gabana. Nan ya nuna min inda ciwon yake. Rezistans yana da zoben roba sama da ƙasa, na ƙasan ya lallatse ya saki, na saman kuma ya bushe yana kama bututu gam, dan haka in aka murɗa gindi sai sama ta fi ƙasa ƙarfin riƙo, ta janye shi. Ga kuma ƙura da tsohon ruwa da suka daskare cikin haƙoran murɗi, mu da muka san ƙurar hunturun garin nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, su suka hana shi shiga har ƙarshe ko da hannu ya ji kaman ya ɗauru.

Ya wanke gindin da gilashin da ruwan ɗumi, banda rezistans ɗin, ya goge haƙoran da ɗan buroshi ya bari suka bushe sarai. Ya nemo zoben roba daidai girman wancan cikin wata 'yar kwalba da yake tara irinsu ya canza. Sannan ya ce in kalli hannunshi da kyau: a fara ɗaure rezistans a gindi tukuna shi kaɗai, da yatsa, har ya tsaya, ba da filaya ba dan ƙarfe na cinye haƙora ya yanka roba. Sai a ɗiga ruwan ɗigo ɗaya a shafa ma zoben sama dan ya yi santsi ya daina kamawa. In za a rufe tanki kuma da ya tsaya a bar shi, matsewa da ƙarfi ita ke sa gobe ya fito da rezistans. Kuma duk cikawa, kafin a rufe, a taɓa shi a ji ko ya motsa, in ya motsa a ƙara mishi ɗan murɗi. Bai bar ni na tashi ba sai da na kwance na ɗaure da hannuna yana kallo, sannan ya ɗora a inji muka ga lambar om ɗin, wato awon rezistans da injin ke nunawa, ta tsaya cak ba ta rawa. Tun ranar ko ɗigo bai sake zuba ba.

Ya ƙara min da wasu abubuwan da ko wanda ya saida min bai faɗa ba. Kar ruwa ya shiga bututun tsakiya, hanyar iska ce. In an sa sabon rezistans a jiƙa audugar a jira minti 5 zuwa 10 kafin a ja, in ba haka ba ta ƙone. Kar a bar shi cikin mota ko a rana, zafinmu na watan Afrilu da Mayu yana tsinka ruwan ya yi ta yoyo, batir ma ba ya son zafi, kuma batir tsirara ba a sa shi aljihu ɗaya da makulli ko silalla. Da na tambayi kuɗin aiki abin da ya karɓa bai kai kuɗin kabu-kabun da ya kawo ni daga Birni ba, ya ce na robar ne kawai.

Amma abin da ya fi shiga raina ina zaune wasu samari 'yan lakwal suka shigo suna tambayar ko ana samun mai ƙamshin mangwaro, ya ce musu ba ya saida ma yara, ya yi musu nasiha cikin mutunci suka tafi. Ƙasar nan tun 2006 muke da dokar yaƙi da taba, amma kowa ya san kiyaye ta sai mai tsoron Allah. Ni ma bai ƙyale ni ba, ya ce nikotin nikotin ne ko ta wace hanya ya shiga jiki, abin nan ba lafiya ba ne, in riƙa rage ƙarfin nikotin ɗin ruwan, in sauka daga mai lamba 12 zuwa 6 zuwa 3 har in aje. Gaskiya ya faɗa, dan shi kanshi Hon Lik, mai haɗa magungunan nan na China da ya ƙirƙiro sigarin lantarki a 2003, neman hanyar barin taba ne ya kai shi. Mutumin da ke cin abinci da gyaran abu amma yana ce maka ka yi ƙoƙari ka daina buƙatarshi, ni dai ban cika ganin irinshi a kasuwa ba. Yanzu ina kan mai 6.

Malam roƙona ɗaya, in za ku yi odar kaya daga Kano ko Yamai ku ƙaro zoben robar nan kala-kala da rezistans, dan akwai abokaina da suka jefa nasu cikin akwati kan wannan matsala suka koma ma taba, na ce su tono su su kawo muku. Allah ya albarkaci shagon, ya raya zuri'a, ya ba yaranku haƙurin koyon sana'a irin naku.

Naku,
wani ɗan unguwar Birni, Damagaram