Takardar Koke Ga Mai Girma Sarkin Hausawa Kan Shirin Haɗe Gundumar 'Yan Kwana-kwanan Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Hausawan yankinmu,
Ta hannun Waziri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da 'yan majalisarka, mu ne talakawanka da muka baro gidajen haya na Bronx a birnin Niyok na Amurka, muka ci bashin banki muka sayi muhalli a wata ƙaramar unguwa ta Long Island, tsibirin da ke gefen birnin. A cikinmu akwai 'yan Kumasi da Nima, akwai 'yan Damagaram, akwai Kanawa da Sakkwatawa. Wasu tasi suke ja, wasu jinya suke yi, wasu gadi. Kuka muka kawo, kuma ba na rasuwa ba ne ko rikicin aure irin wanda aka saba ɗora maka.

Juma'a uku ke nan a jere ana tsayawa a ƙofar masallaci da takarda, ana neman sa hannun jama'a domin a haɗe gundumar kashe gobara ta unguwarmu da gundumomi biyu na maƙwabta, wai haraji zai sauka. Mun samu labarin cewa masu takardar sun je har gida sun roƙe ka ka sa baki, ka yi shela a taron wata mai zuwa. Roƙonmu ka dakata tukuna, ka ji ta bakinmu.

Kai da kake cikin birnin Niyok, 'yan kwana-kwanan da ka sani ma'aikatan gwamnatin birni ne, da albashinsu da fanshonsu. A nan ba haka abin yake ba. Waɗanda suke zuwa idan wuta ta tashi 'yan sa kai ne, kowa da sana'arsa, ba a biyan su ko sisi na albashi. Jiniya ta yi kuka, na'urar da ke ƙugunsu ta yi ƙara, sai mutum ya ajiye cokali ya fita. Haka akasarin Amurka take: kusan biyu cikin uku na masu kashe gobara a ƙasar nan 'yan sa kai ne. Abin da ake karɓa a hannunmu na motoci ne da mesa da kayan sawa da mai da gyaran gini. Mai yanka wannan kuɗi ita ce gunduma, wata ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta, da kwamishinoni biyar da ake zaɓa, su ma kyauta suke yi. Su suke tsara kasafinsu, majalisar gari ta karɓo musu a cikin harajin gida, ba ta da ikon rage musu ko kwabo. Irin waɗannan gundumomi sun kusa 900 a jihar nan ta Niyok.

Ba mu ce masu takarda maƙaryata ba ne. 'Yan'uwanmu ne, sahu ɗaya muke sallah, kuma abin da yake cizon su yana cizon mu. Duk wanda ya buɗe takardar harajin gida a Long Island ya san yadda gaba take faɗuwa. Kuma an taɓa yin ɓarna da kuɗin gobara a tsibirin nan, ba ɓoyayyen abu ba ne. A 2005 jaridar Newsday ta yi dogon bincike, ta fito da gine-gine kamar fadar sarki da motoci fiye da buƙata, har majalisar jiha ta tashi a 2006 ta wajabta binciken kuɗi na shekara-shekara ga manyan gundumomi da horo ga kwamishinoni. Mutanen Gordon Heights, unguwar baƙaƙen fata mai 'yan gidaje kaɗan wadda babu manyan kantuna da za su raba mata nauyi, sun yi shekaru suna kukan harajin gobararsu ya fi na kowa, har suka tara sa hannu a rushe gundumar. Duk da haka unguwar ta rabu biyu a kan maganar, don kakanninsu ne suka kafa rundunar da hannunsu tun a shekarun 1940. Mun san duk wannan. Inda muka rabu da 'yan'uwanmu shi ne a kan hanyar da suka ɗauko.

Dokar da suke aiki da ita an yi ta a 2009, lokacin Andrew Cuomo yana babban lauyan jiha, yana cewa ƙananan hukumomi sama da 10,500 sun yi wa jihar yawa. Ta fara aiki a Maris 2010. A ƙarƙashinta, idan aka samu sa hannun kashi 10 cikin 100 na masu rajistar zaɓe, ko mutum 5,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta, dole a yi ƙuri'ar raba gardama. Ga inda gizo ke saƙa: idan jama'a ne suka tayar da maganar ta wannan hanya, ƙuri'a ake fara jefawa, sannan daga baya a zauna a rubuta tsarin yadda haɗewar za ta kasance, a cikin kimanin wata shida. Wato za mu ce "e" ba mu san wace tasha za a rufe ba, ba mu san motocinmu ina za a kai su ba, ba mu san ko bashin sabon ginin maƙwabta zai hau kanmu ba. Idan tsarin ya fito bai yi mana ba, sai mun tara sa hannun kashi 25 cikin 100 a cikin kwana 45 kafin a sake ƙuri'a. Shiga da kashi goma, fita da kashi ashirin da biyar. Ranka ya daɗe, wannan ai cinikin biri a sama ne. Mun tambayi masu takarda dala nawa kowane gida zai rage a shekara, suka ce da yawa. Da yawa ba lissafi ba ne.

Mu da muke rubuta wannan takarda mun ɗauko takardun harajinmu mun baza a kan tabarma bayan Isha'i. Fiye da rabin kuɗin na makarantu ne. Sai 'yan sanda da gari da sauransu. Layin gobara yana can ƙasa, ɗan siriri. Ko da an zaftare kashi ɗaya cikin biyar nasa, wanda babu mai alkawarin haka a rubuce, abin da zai dawo aljihu ba zai taka kara ya karya ba.

A bari mu faɗi abin da idonmu ya gani. Azumin da ya wuce, wajen ƙarfe huɗu na asuba, maiɗakin ɗaya daga cikinmu ta ɗora mai za ta soya ƙosai na sahur, yaro ya yi kuka a sama, ta hau. Kafin ta sauko wuta ta kama kabad ɗin da ke saman murhu. Maigidan yana filin jirgi yana jiran fasinja. Ta kwashe yara uku ta fito titi ba takalmi, ga sanyi kamar ƙanƙara za ta zubo. Ta ce ba ta gama Ayatul Kursiyyu ta uku ba ta ga jan fitila ya shawo kwana. Wanda ya fara dirowa daga motar shi ne direban bas ɗin makarantar 'yarta, wandon barci yana leƙowa ta ƙasan kayan aikinsa. Bai tambayi lambar gida ba, ya san gidan, ya san yara nawa ne a ciki, ya ƙirga su da ido kafin ya ja mesa. Wata mata a cikinsu, ma'aikaciyar jinya ce da rana, ta cire bargo ta lulluɓe uwar da jaririn. Da suka gama da wutar, wani dattijo mai kantin kayan gini ya ga kantar littattafai a falo, ruwa yana ɗigowa daga silin, ya jawo tamfol ya rufe ta. Bai san cewa Alƙur'anai ne da littattafan fiƙihu da aka ɗauko tun daga Kumasi ba. Ya ga dai an jera su da girmamawa. Kicin ya tafi, gida ya tsira. Da hantsi direban nan yana kan sitiyarinsa yana kwasar yara, ido jajir. Aka kai musu tuwo da miyar kuka a tasha bayan Sallah, suka cinye har suna tambayar sunan miyar.

Mu da muka fito daga Bronx ba sai an koya mana abin da minti biyar yake nufi ba. Mun yi jana'izar waɗanda suka rasu a gobarar Woodycrest a Maris 2007, mutum goma 'yan Mali, tara yara. Mun yi ta gobarar Twin Parks a Janairu 2022, mutum 17, galibi 'yan Gambiya. Allah ya jiƙansu. Kai ma ka tsaya a sahu a ranakun nan.

Abin da masu lissafi a takarda ba sa gani shi ne, mota ana iya sauya mata gareji da alƙalami, amma ɗan sa kai ba a yi masa canjin wurin aiki. Direban bas ɗin nan yana zuwa ne don tashar tana bayan gidansa, mahaifinsa ma a nan ya yi, hotonsa yana bango. Ranar da aka rufe ta aka ce ya riƙa tafiyar kwata ɗin awa kafin ya kai ga mota, zai yi wata biyu ya ajiye hula. Dama can hannu ya yi ƙaranci: ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta jiha, FASNY, ta ce daga kimanin 120,000 a farkon shekarun 2000 sun dawo kusan 80,000. Idan suka watse, dole a ɗauki masu albashi, dare da rana, da fansho da inshorar lafiya. Ita ƙungiyar ta ƙiyasta a 2023 cewa maye gurbinsu a faɗin jiha zai ci dala biliyan 4.7 duk shekara. Mun san mai tuwo ba ya kushe miyarsa, a rage rabi ma idan ana so, sauran ya isa ya haɗiye duk rangwamen da ake mana kwaɗayi. Sai kuma kamfanonin inshora, waɗanda suke duba nisan gida da tasha da famfon gobara kafin su yanka kuɗi. Gidan da ya wuce mil biyar daga tasha wani farashi ne daban. Abin da jiha take saka wa ɗan sa kai da shi a harajin kuɗin shiga kuwa dala 200 ne a shekara, ko man motarsa ba zai biya ba.

Akwai tsimi na gaskiya da za a iya yi ba tare da rufe ko'ina ba. Motar ruwa sabuwa yanzu ta doshi dala miliyan ɗaya, mai dogon tsani ta wuce haka nesa, kuma sai an yi shekaru ana jira. Babu dalilin da zai sa gundumomi uku da ke jin jiniyar juna kowacce ta mallaki mai tsani. A haɗa saye, a haɗa makaniki, a haɗa lauya da akawu. Wannan muna goyon baya ɗari bisa ɗari, kuma doka ba ta hana ba.

Mu ma da laifinmu, kada mu yi ta nuna yatsa. Ana zaɓen kwamishinoni ranar Talata ta biyu a watan Disamba, daga shida zuwa tara na dare, a cikin tashar. Ana karanta kasafi a bainar jama'a a watan Oktoba. A cikinmu babu wanda ya taɓa leƙawa. Muna biya, muna gunaguni a majalisar shayi, shi ke nan. Samarinmu biyu ne kacal suka shiga aikin, ɗaya ma sai da mahaifiyarsa ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Wasu sun ce gemu ne ya hana su, kuma gaskiya ne abin rufe fuska ba ya kama fuskar mai gemu, amma akwai tuƙi, akwai tare hanya, akwai motar asibiti, duk ba ruwansu da gemu.

Saboda haka muke roƙon Mai Girma Sarki kada ya sa bakinsa a takardar haɗewar har sai an kawo lissafi a rubuce, gida-gida, tare da sunan duk tashar da za ta ci gaba da aiki. Muna roƙo ka kira mu da masu takarda a gabanka, kowa ya zo da takardar harajinsa, a yi ta a fili. Muna roƙo ka jagorance mu zuwa zaman majalisar gari, mu nemi a ɗauko mai bincike mai zaman kansa ya duba gundumomin uku kafin kowa ya jefa ƙuri'a, domin idan ƙuri'ar ta faɗi ma doka ta rufe maganar har shekara huɗu, su kansu masu neman gyara sun yi asara. Kuma ka sa baki iyaye su saki samari su shiga.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi gaggawa, muna roƙon a sanar da shi ranar Juma'ar nan ko da ba a kai ga sauran ba. Takardar da ake sa wa hannu a ƙofar masallaci ta masu rajistar zaɓe ce kawai, wato 'yan ƙasa. Mun ga dattawa masu katin zama suna karɓar biro don kunyar wanda ya miƙo musu. Wanda ya sa hannu a matsayin mai zaɓe alhali bai zama ɗan ƙasa ba, yana iya jawo wa kansa fitina ranar da ya je neman takardar zama ɗan ƙasa. A faɗa musu da Hausa, a faɗa da Zabarmanci, kuma wanda ya riga ya sa a taimaka masa ya ga lauya.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne naka,
Magidanta da iyayen gida na unguwa. Sunayenmu da sa hannunmu suna cikin takardar da Waziri zai miƙo tare da wannan.