Rahoton kwamitin saka waifai a makarantarmu

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da 'yan uwa. Alhamdulillahi aikin da kuka ɗora mana na saka waifai a makarantarmu da ke Gwale ya kammala, ga yadda aka yi.

Da farko mun yi kuskure, gara mu faɗa da bakinmu. Rauta ɗaya, wato na'urar da ke watsa waifai, muka siyo a Farm Centre muka kulle ta cikin durowar ƙarfe a ofishin hedimasta wai don kar a ɗauke, toh sabis ko baranda bai kai ba balle saman bene. Sai da muka kira injiniya, ya bi aji aji da wayarsa a hannu yana duba ƙarfin sabis, ya nuna mana cewa ƙarfe da rufin kankare mai rodi su ne suke tare shi, ba wai rautar ce ba ta da kyau ba.

Yanzu na'urar raba sabis 4 aka kafa a jikin silin, farare ne kamar faranti: ofis, ɗakin malamai, ɗakin kwamfuta, sai zauren sama. Kowacce kebul ɗaya ne yake kawo mata intanet da wuta gaba ɗaya, ba sai an ja soket ba, kuma an kula babu kebul ɗin da ya wuce mita 100 don iyakarsa kenan. Sabis ɗin da suke watsawa iri biyu ne: na 2.4GHz ya fi ratsa bango, na 5GHz ya fi gudu amma ba ya nisa, duka biyun an kunna, kuma a na 2.4GHz an raba na'urorin a tasha 1, 6 da 11 don kar sabis ɗin na'urorin da ke maƙwabtaka ya dinga shiga juna. Duka an jona su da inbata, ko an ɗauke wuta aiki ba zai tsaya ba.

Sai maganar doka, wallahi nan ne muka fi daɗewa muna muhawara. Layi biyu ne, na ma'aikata daban na baƙi daban, wanda ya hau na baƙi ba zai iya kaiwa ga kwamfutar ofis ba inda sakamakon jarrabawa da bayanan yara suke. Fasuwod ɗin ma'aikata za a canza duk zangon karatu, haka ma duk ranar da wani ya bar aiki. Dan Allah malamai kar a ba ɗalibi, kar a ba maƙwabci don kunya, mun san abin da wuya amma datar nan da kuɗin iyayen yara ake siya, amana ce. An toshe shafukan batsa da na caca, layin baƙi kuma yana rufe kansa bayan isha.

Rasit da lissafin kuɗi suna wurin ma'aji ga mai son dubawa. Abin da ya rage shi ne goge ƙura a jikin na'urorin lokacin hunturu, mun ɗora wa malamin kwamfuta, shi kuma za a fara sanarwa in sabis ya ɗauke, kar kowa ya taka kujera ya taɓa komai.