Zuwa ga Ummi, kan lissafin da ya hana ki barci

Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya karatu? Mu nan Yakasai kowa lafiya lau.

Takardarki ta iso ta hannun yayanki. Na ga kukan da kika yi, wai malamin lissafi ya ba ku 4,875 ya ce ku kawo ninkinta daga sau 1 zuwa sau 10, kin kwana kina hadda kamar mai shirin tilawa, gari na wayewa duk ta zube. Dariya na yi, kada ki ji haushi. Ƙananan lambobi ake haddacewa. Babbar lamba fasa ta ake yi, yadda muke fasa dila a Kantin Kwari.

Ɗauki lambar a matsayin kuɗin yadi ɗaya. Yadi goma ba ya buƙatar tunani, sifili za ki ƙara a ƙarshe: 48,750. Raba wannan biyu, kin sami na yadi biyar, 24,375. Koma kan yadi ɗayan ki ninka shi, 9,750, na biyu ke nan. Sake ninkawa, 19,500, na huɗu. Sake kuma, 39,000, na takwas. Kin ga amsa biyar sun fito ba ki ɗora alƙalami a takarda ba. Na uku, ki ɗora ɗaya kan na biyu. Na shida, ki ninka na ukun. Waɗannan na bar miki.

Ninkawa dai ba baƙuwar ɗan Kano ba ce. Da aka canja kuɗi a 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, kakanki Alhaji, Allah ya jiƙansa, yana kasuwar Kurmi lokacin, kuma har ya bar duniya da fam yake ciniki. In ya ce fam ɗari, mu yaran shago mu ne za mu ninka a ka mu ce naira metan, in ka yi jinkiri ka sha harara.

Sau tara da sau bakwai ne suka fi ba yara wahala, alhali dabararsu tana cikin bakinmu. Yaya Hajiya take ƙirga goro? Ba ta cewa sha tara, sai ta ce ashirin ba ɗaya. To, tara ma goma ba ɗaya ce. Ɗebe 4,875 daga 48,750, saura 43,875. Shi ke nan.

Bakwai kuwa, lambar da kanta za ki duba. 4,875 ai dubu biyar ce ba 125. Dubu biyar sau bakwai, 35,000. Sai 125 sau bakwai, 875. Ɗebe ƙaramar daga babbar, 34,125. Haka nake yi in mai saye ya tsaya a kaina yana latsa waya, sau da yawa na riga shi, ya ɗago yana kallona kamar na yi tsibbu.

Akwai kuma gwajin da nake so ki riƙe, don mai gaggawa ba ya rasa kuskure. Haɗa alƙaluman lambar: 4 da 8 da 7 da 5, 24, 2 da 4, shida. Shida sau bakwai 42. 4 da 2, shida. Yanzu haɗa na amsar: 3 da 4 da 1 da 2 da 5, 15, 1 da 5, shida. Sun dace. In suka saɓa, tabbas akwai ɓarna, ki sake. Amma dacewarsu ba rantsuwa ba ce: da kin juya kin rubuta 43,125, gwajin ba zai kama ki ba. Ni ya taɓa cina da yaro ya juya mini lamba haka a rasit, sai da muka zo rufe littafi da yamma muka gane. Saboda haka ki riƙa tambayar kanki, yadi bakwai na ƙasa da dubu biyar zai wuce dubu talatin da biyar?

Ga aiki: ki yi mini 2,980 daga sau 1 zuwa sau 12, ki rubuta hanyar da kika bi a gefen kowace amsa, ki ba yayanki ranar ziyara. Ummanki ta haɗa miki garin kunu da ƙuli-ƙuli, ta ce kada ki rabar a kwana ɗaya. Ki gaishe da malamin naku.

Allah ya yi miki albarka.

Abbanki